Hayis ɗinka na mutuwa a hanya? Kafin ka kwance kafireto, saurari wannan

Shirin yau na masu tsofaffin motocin bas ne, irin su Hayis da L300 da C20, waɗanda har yanzu suke aiki da kafireto. Ko kai ne direba, ko yaron mota, ko ka haɗa kuɗi ka sayi ɗaya ka ba wani yana kawo maka balas, ko motar gida ce da ake kai kaya kasuwa, yau da kai nake.

Saƙonnin da suka fi yawan shigo mana kan gyaran mota kusan duk abu ɗaya suke cewa: "Motata tana mutuwa, an wanke kafireto sau biyu, an canza wani, har yanzu ba ta daina ba." Ni a gareji na taso, kuma zan iya ce muku yawancin kafireton da na ga an kwance ba su da laifin komai. An bar jaki ana dukan taiki ne kawai.

Kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, duk litar da mota ta sha a banza daga aljihun wani ta fito. Motar da ta kwana a gareji ba ta kawo balas. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne rai. Ka ɗauko mutum goma sha huɗu, ka fita za ka wuce tirela a hanyar Kano zuwa Zariya, inji ya ɗauke a tsakiyar titi. Allah ya kiyaye. Shi ya sa nake so mu bi abin daki-daki.

Injin fetur abu uku yake nema a kowane lokaci: mai, iska da wuta. Aikin kafireto shi ne ya gauraya mai da iska daidai gwargwado, wajen awo 14.7 na iska ga awo 1 na fetur, idan da nauyi aka auna. A cikinsa akwai wani ɗan kwano da mai ke taruwa, akwai fulot da ke yawo a saman man yana danna wata allura ta tsayar da shi idan ya cika, kamar dai yadda tankin ruwa na gida yake tsayar da kansa. Sai ƙananan ramuka da ake kira jet, ta nan mai ke fita. Shi ke nan. Kafireto ba ya yin mai, kawo masa ake yi. Ba ya yin wuta, aikin kwayil da distiributo da fulogi ne. To idan tanki bai aiko ba, ko wuta ta yanke, duk wankin da za ka yi masa a banza ne.

Saboda haka tambayar farko, kafin a ɗauko sifana: yaushe take mutuwa, kuma yaya take mutuwa? Direba shi ne ya fi kowa sanin amsar. Ka lura da wannan: idan mota ta ɗauke farat ɗaya, kamar an murɗa makulli, yawanci wuta ce. Idan kuwa ta fara tari, tana fizga, ƙarfinta na raguwa, kana ba ta totur tana ƙi, sannan ta mutu, yawanci mai ne. Wannan bambancin kaɗai ya raba maka aikin gida biyu.

Ga gwajin minti biyar da za ka yi a gefen hanya, nan take da ta mutu, tun kafin ta huce. Ka ɗaga kujera, tunda irin waɗannan motocin injinsu a ƙarƙashin kujerar gaba yake. Ka cire murfin filtar iska, inji a kashe, ka leƙa maƙogwaron kafireto, wani ya taka totur sau biyu. Ya kamata ka ga ɗan tsirin mai ya feso. Yawancin kafireton Toyota ma suna da ɗan gilashi a gefe da za ka ga matakin man da ke cikin kwanon, ya kamata ya tsaya wajen tsakiya. In kwano ya bushe, mai ne bai iso ba. In akwai mai, sai ka koma wajen wuta. Ka mayar da murfin, ka zare wayar fulogi ɗaya, ka maƙala mata wani fulogin da kake ajiye da shi, ka ɗora shi a jikin ƙarfen inji nesa da kafireto, a buga sitata. Wuta mai kyau shuɗiya ce, tana ƙara tas-tas. In ja ce mai rauni, ko babu gaba ɗaya, to ka bar kafireto ya huta.

Yanzu bari mu ɗauki yadda suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, mota tana gudu lafiya lau, amma da ka ɗauke ƙafa daga totur, a danja ko wajen sauke fasinja, sai ta mutu. Wato ba ta da silo. A nan mutane ke saurin ƙara silo har inji ya dinga kururuwa, alhali lafiyayyen silo bai wuce juyi 700 zuwa 800 a minti ba. Ƙara silo ɓoye ciwo ne, kuma mai yake sha. Abu uku za ka duba. Na ɗaya, a jikin kafireto akwai wani ɗan abu mai waya guda da ake kira solonoyid. Aikinsa ya rufe hanyar man silo idan ka kashe mota. Ka kunna makulli ba tare da ka tayar ba, ka zare wayar ka mayar, ya kamata ka ji "ƙas". In ba ka ji ba, ko wayar ta tsinke, ko fiyus ya ƙone, ko shi kansa ya mutu. Mota ba za ta taɓa yin silo ba a haka, komai tsabtar kafireto.

Na biyu, iskar sata. Duk iskar da ta shiga inji ba ta bakin kafireto ba, ɓarauniya ce, tana tsinka haɗin har mai ya yi kaɗan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙananan tiyon roba da zafi ya busar suka tsage, gasket ɗin da ke ƙarƙashin kafireto, da babban tiyon da ke zuwa tukunyar birki. Ka kasa kunne inji na aiki, za ka ji wani siririn "sss". Ka bi tiyo ɗaya bayan ɗaya kana matsewa da filaya. Wanda ka matse inji ya daidaita, a hanyarsa matsalar take. In kuma mota na neman mutuwa duk lokacin da ka taka birki, ka zargi tukunyar birkin kanta. Na uku ne kawai ya shafi cikin kafireto, wato jet ɗin silo ya toshe. Raminsa ƙarami ne ƙwarai, ƙwayar yashi ɗaya ta isa.

Ta biyu, akasin waccan. A tsaye tana silo kamar sabuwa, amma da an yi lodi, ko an fara hawan tudu, ko an yi nisa ana gudu, sai ta fara fizga ta mutu. Ka jira minti biyu, ta tashi, ka yi kilomita kaɗan ta sake. Wannan yunwa ce. Man da ke isowa ya ishi silo, amma bai ishi gudu ba, kwano na bushewa. Ka fara da filtar mai, domin ita ce mafi araha a duk layin. Ka cire ta, ka zazzage a kan farar takarda ko cikin kwalba. In ka ga jan tsatsa, labarin daga tanki yake. Motar da ta haura shekara talatin, ka tuna Hayis mai injin 1RZ da 2RZ tun 1989 ta fara fitowa, cikin tankinta ba zai rasa tsatsa ba. In ba a sauke tankin an wanke ba, sabuwar filta ma kwana kaɗan za ta yi.

Daga nan sai famfon mai. Ka zare tiyon da ke shiga kafireto, ka sa bakinsa a kwalba, ka cire wayar kwayil don kada wuta ta fita, a buga sitata. Ya kamata mai ya dinga fitowa da ƙarfi, ɓul-ɓul. In ɗiga yake, famfo ya gaji ko layi ya toshe. Kuma ka zaro sandar awon baƙin mai ka sansana. In kana jin warin fetur, ko ka ga baƙin mai yana ƙaruwa da kansa, fatar cikin famfon ta yage, fetur na gangarawa cikin inji. Wannan kada ka ƙara tafiya da ita, domin baƙin mai da ya tsinke ba ya kare inji, daga nan sai nokin.

Akwai wani abu kuma da kusan ba mai tunawa da shi: murfin tanki. Tanki yana buƙatar shaƙar iska yayin da mai ke raguwa. In hanyar iskar ta toshe, famfo zai ja ya ja har ya kasa. Da ta mutu, ka je ka buɗe murfin. In ka ji ya zuƙi iska da ƙarfi, kuma mota ta tashi nan take, ka kama ɓarawon.

In kuwa matsalar ita ce da ka taka totur sai ta yi kamar za ta shiɗe na daƙiƙa ɗaya sannan ta ɗauka, ka tuna tsirin man nan da na ce ka leƙa? Ƙaramin famfon cikin kafireto ne ke yin sa. In kwano cike yake amma babu tsiri, fatarsa ce ta cinye. Ita ake canzawa, ba kafireto gaba ɗaya ba.

Ta uku, wadda ta fi wahalar da mutane: da safe lafiya, sai rana ta take, inji ya ɗau zafi, ta mutu. Ta ƙi tashi. Bayan minti ashirin ko talatin ta tashi kamar ba ita ba. Kafin ka isa gareji ta warke, makanike ya duba ya ce bai ga komai ba. Wasu har su fara cewa sammu ne. Abu biyu ne suka fi kawo wannan. Ko kwayil ce ke yanke wuta idan ta yi zafi, ita da kondensa a masu kontak, ko igniita a waɗanda ba su da kontak. Ko kuma fetur ne ke tafasa a cikin bututu ya koma tururi, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. A watannin Maris zuwa Mayu, zafin Sakkwato da Maiduguri da Kano yana haura digiri 40, ga inji a rufe ƙarƙashin kujera, ga gosulo. Yadda za ka bambance su shi ne gwajin nan na minti biyar, amma dole a lokacin da ta mutu. In babu wuta, kwayil da 'yan'uwanta. In akwai wuta amma kwano ya bushe, ka jiƙa tsumma ka ɗora a kan famfo da bututun mai. In ta tashi da wuri, tururi ne. Maganinsa na dindindin shi ne a janye bututun daga kusa da salansa, a mayar da farantin kare zafi in an cire, a kuma duba lagireto da fanka.

An taɓa kawo mana wata L300 ta jigilar burodi, mai ita ya riga ya sayi kafireto biyu 'yan Beljiyam, ɗaya bayan ɗaya. Maigidanmu bai taɓa sifana ba. Ya ce wa direban, "Malam, hau mu je inda take yi maka." Suka yi ta zagaye har ta mutu. Ya sauko ya gwada wuta, babu. Ya kai hannu kan kwayil, ba ta taɓuwa don zafi. Aka canza ta, magana ta ƙare. Kuɗin kafireto biyun nan sun ninka na kwayil ɗin sau da yawa.

Ta huɗu, mota tana shan mai kamar rijiya, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, warin fetur ya cika ciki, in ta mutu da zafi sai ka danne totur har ƙasa kafin ta tashi. Wannan ƙoshi ne ya yi yawa. Ka fara da filtar iska, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke toshe ta cikin 'yan makonni. Kuma don Allah kada ka cire ta ka yar kamar yadda wasu ke yi. Ƙurar da ta shiga inji ringi take ci. Sai ka duba cok: in inji ya ɗumama, farantin da ke saman maƙogwaro ya kamata ya miƙe tsaye, a buɗe. In duk waɗannan lafiya, sai a koma kan fulot da allurarsa, abin da makanikai ke kira obafulo. Ko datti ya tokare allurar, ko ta cinye, ko fulot ya huje ya sha mai ya nutse.

A nan akwai wani tarko. Kafireto ƙarfin mai kaɗan yake so, wajen psi 3 zuwa 4. Famfon lantarki na motar injekta kuwa yana tura wajen psi 40. In aka sa maka irin wannan a motar kafireto, ko aka mayar da injekta kafireto ba a rage ƙarfin ba, babu allurar da za ta iya tare shi. Ka tambaya kafin a ɗaura: wannan famfon na kafireto ne?

Ta biyar, mota lafiyarta ƙalau, ka sha mai a wani wuri, ko aka yi ruwan sama, sai ta rikice. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya, a gindin tanki da gindin kwanon kafireto, daidai inda jet ke zuƙa. Ka tsiyayo kaɗan a kwalba mai haske, ka ajiye minti ɗaya. In da ruwa za ka ga ya ware a ƙasa. Masu shan mai a galan a bakin hanya su suka fi haɗuwa da wannan, amma ba su kaɗai ba. Kun tuna watan Fabrairun 2022, lokacin da hukumomi suka tabbatar an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, aka janye shi, layin mai ya dawo? Mai mara kyau abu ne da ke faruwa. In kuma bayan ruwan sama ne ko wankin inji, ka buɗe murfin distiributo ka goge danshin da ke ciki, ka duba ko ya tsage.

Fulogi ma shaida ne da ba ya ƙarya. Ka kwance su ka jera yadda suke. Ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya. Baƙi busasshe kamar gawayi, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Fari fat, mai ya yi kaɗan ko iskar sata. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa, wannan kuma maganar ringi ce ko robobin bawul. In guda ɗaya ne kawai ya bambanta da sauran ukun, da wuya laifin kafireto ne, tunda shi kaɗai ke ciyar da su huɗun duka.

To idan an bi duk wannan aka tabbatar kafireton ne fa? Ka tsaya a wurin. A kwance shi a kan tire mai tsabta, ba a ƙasa cikin yashi ba. Jet da iska ake hure shi. Kada a zura masa waya ko allura, domin tagulla ce mai laushi, da ramin ya ɗan faɗaɗa motar ta zama mashayiya har abada. Kusar daidaita haɗi, a ƙirga juyi nawa take kafin a cire, kuma kada a ɗaure ta da ƙarfi, bakinta na lalacewa. A sa sabon gasket, ba kwali da gam ba. Kuma kafin a taɓa kusar silo, a fara daidaita fulogi da kontak da taimin, inji ya ɗumama, sannan a zo kan kafireto. In an yi akasin haka, sai an sake. In za ka sayi wani, a Ƙofar Ruwa ne ko Fanteka, ka tafi da naka a kwatanta, ka girgiza sandar totur ɗinsa. In tana lilo gefe da gefe, ta nan zai sha iskar sata, ka bar musu kayansu.

Abu uku kuma nake roƙonku da girman Allah. Kada ka zuba fetur a bakin kafireto wani na buga sitata. Inji na yin atishawa wuta za ta taso maka a fuska. Kada ka zuƙi fetur da baki, in ya sarƙe ka ya gangara huhu, asibiti ne. Sannan dabarar nan ta ɗora galan a cikin mota a ja tiyo kai tsaye zuwa kafireto, da fasinja a ciki, wallahi ganganci ne. Inji na ƙarƙashinku, tartsatsi ɗaya ya isa, ƙofar fita kuma ɗaya ce. Ka ajiye tukunyar kashe gobara mai aiki, ba wadda ake nuna wa jami'ai kawai ba.

In kuma ta mutu maka kana cikin gudu, ka sani tukunyar birki daga inji take samun ƙarfinta. Da ya tsaya, taku ɗaya ko biyu ya rage maka mai laushi, daga nan birki zai yi tauri. Yana nan yana kamawa, sai dai ka danna da ƙarfin gaske. Saboda haka kada ka yi ta famfa shi, ka taka sau ɗaya ka riƙe. Kada ka murɗa makulli baya har sitiyari ya kulle. Ka kunna fitilun haɗari, ka gangara gefe, ka sauke mutane su yi nesa da titi. Motar da ta yi maka haka sau ɗaya, kada ka sake yi mata lodin doguwar tafiya sai an gano dalili. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gobe in za ka je gareji, kada ka ce "a wanke min kafireto". Ka ce, "Oga, tana mutuwa ne in ta yi zafi, farat ɗaya, kuma na duba babu wuta," ko "tana fizga a tudu, kwano na bushewa." Makanike na gari zai ji daɗin wannan bayanin, ka rage masa rabin aiki, ka rage wa kanka kashe kuɗi.

A nan za mu dakata. Wanda motarsa ke yin wani abu daban da waɗannan biyar ɗin, ya rubuto mana irin motar, da lokacin da take yi, da abin da aka riga aka canza, za mu ɗauka a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku tura wa direban da kuka sani. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema. Sai an jima.